Rasuwar Dakta Abdulbaƙi Ɗantsoho Zango da Roƙon Dawo da Ƙwayoyinsa Masu Iyo

Daga Zauren Masana Harhaɗa Magunguna na Ƙasar Daura.

Zuwa ga Alhaji Dabo Ɗantsoho Zango, babban wan marigayi kuma uban gida; da Hajiya Rahmatu, mai ɗakin marigayi; da 'ya'yansa da danginsa baki ɗaya; da ɗaukacin jama'ar ƙasar Daura da maƙwabtanta.

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Sallama irin ta addinin Musulunci, mai sanyi fiye da ruwan sabuwar randa, mai ƙamshi fiye da turaren ranar idi, ta tabbata a gare ku. Bayan gaisuwa mai yawa, da ban girma, da durƙuso irin na ɗa a gaban mahaifi, muna gaishe da Alhaji Dabo, dattijon arziki, inuwar gidan Ɗantsoho, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Muna gaishe da Hajiya Rahmatu daga bayan labulen takabarta, Allah ya sanyaya mata zuciya. Muna gaishe da iyayen ƙasa, da malamai magada annabawa, da duk wanda wannan takarda ta riska ko aka karanta masa ita. Muna neman afuwa bisa kutsen da muka yi wa gidan da ke bukatar shiru, muna kuma neman afuwa ta biyu bisa tsawon zancen, domin da akwai wata hanya da za ta fisshe mu, da ba mu sake ƙwanƙwasa ƙofar da muka san ba mu cancanci a buɗe mana ita ba.

Cikin alhinin da ya yi wa harshe nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Sarkin da ba a tambayar sa dalili, wannan Zaure ya karɓi labarin rasuwar ɗaya daga cikin iyayensa da suka kafa shi, malaminmu, abokin aikinmu, gwanin gwanaye a fagen harhaɗa magani, Alhaji Dakta Abdulbaƙi Ɗantsoho Zango, wanda Allah ya yi wa rasuwa a tsakiyar watan Rajab bayan gajeriyar rashin lafiyar da ba ta ba shi damar yin wasiyya ba, aka kuma yi masa sutura a mahaifarsa Zango kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mai karatu zai lura cewa ga Sha'aban ya yi nisa kafin wannan ta'aziyya ta fito. Ba mu ɓoye wannan ba, kuma za mu zo kansa, amma hakkin mamaci ne a fara da ambaton alherinsa kafin masu rai su shiga bayanin kunyarsu.

An haifi marigayi a gidan manoman gero da gyaɗa, ya yi karatun addini a zauren mahaifinsa, ya yi na zamani a Daura, sannan ya wuce jami'a ya nutsa cikin ilimin harhaɗa magunguna har ya kai ƙololuwarsa. Da yawa daga cikin tsararrakinsa manyan birane suka riƙe su, shi kuwa ya naɗo tabarmarsa ya dawo gida, ya shafe mafi yawan shekarun ƙarfinsa a bayan tagar ɗakin magani na asibiti, yana miƙa wa talaka magani da hannu biyu, yana maimaita masa yadda za a sha har sai ya ga alamar fahimta a fuskarsa. Yana cikin 'yan tsirarun da suka assasa wannan Zaure a lokacin da taronmu duka bai cika tabarma ɗaya ba, kuma babu wani daga cikinmu, babba ko ƙarami, da bai taɓa kiran sa a waya yana neman fatawa a kan wani magani ba.

Abin da ya tsaya masa a rai tun daga waccan taga shi ne halin masu hawan jini da ake rubuta wa magani sau uku a yini. Ya ga manomi yana fita gona da sassafe ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi, ya ga makiyayi yana bin shanunsa inda babu ko ruwan haɗiyar ƙwaya, ya ga ɗan kasuwa a bakin iyaka ta Kongolam yana wuni a tsaye tsakanin motoci. In kuwa azumi ya kama, sai maganin tsakar rana ya faɗi gaba ɗaya, mutum ya zaɓi ibadarsa ya bar lafiyarsa a hannun Allah. Ya sha faɗa mana a taro cewa: "Muna rubuta wa mutum sau uku a yini, ba mu taɓa tambayar sa ko yininsa yana da wurin sau uku ba." Ya bayyana mana cewa akwai magungunan da jiki ba ya iya tsotsar su da kyau sai a cikin tumbi da farkon hanji, amma ƙwayar da aka saba da ita ba ta daɗewa a nan, abinci yana tura ta gaba kamar motar da aka kora daga tasha ba ta gama sauke kaya ba. Sai ya duƙufa a kan fannin da masana suka daɗe suna bincike a kai a ƙasashe daban-daban, wato yadda za a sa ƙwaya ta yi iyo a cikin tumbi ta ƙi wucewa da wuri. Ba shi ya ƙirƙiro fannin ba, kuma da ya ji mun ce shi ne, da ya gyara mana zance a bainar jama'a. Abin da ya kawo nasa shi ne neman yin aikin da kayan ƙasarmu.

Yakan haɗa maganin da ƙaro mai kyau wanda yake zaɓowa da kansa a kasuwa, da yauƙin busasshiyar kuɓewa, da ɗan garin soda irin na masu gasa burodi, ya matse su su zama ƙwaya. In ta faɗa cikin tsamin ciki, sai sodar ta yi kumfa kamar yadda kanwa ke yi a ruwan tsamiya, ƙaron kuma ya kumbura ya zame mata riga mai danƙo wadda ke tsare kumfar a ciki. Sai ƙwayar ta yi sauƙi ta taso saman abin da ke cikin tumbi kamar ƙwarya a kan tafki, ta yi nesa da ƙofar da ke gangarawa hanji, ta dinga sakin magani kaɗan-kaɗan daga safe har yamma. Burinsa shi ne mai hawan jini ya haɗiyi guda ɗaya da sahur ta raka shi har shan ruwa. Wa zai manta da kofin gilashin nan da ba ya rabuwa da shi? Ana tsakiyar taro zai cika shi da ruwa, ya matsa lemon tsami, ya jefa ƙwaya, mu kuwa gemai-gemai da mu sai mu zuba ido muna kallon ta nutse, ta ɗan yi jim a ƙasa, sannan ta taso. Har muka naɗa masa sarautar wasa, muna ce masa Sarkin Ruwan Zango, garin da ba shi da kogi, shi kuma yakan yi dariya ya ce: "Ku dai masu shaguna ku bar ni da kofina. Ku kuna sayar da abin da ke nutsewa, ni ina neman abin da zai taso."

Tsoron Allahnsa bai bar shi ya tsaya a ɗakin bincike ba. Ya taka ya je gaban malamai ya tambaye su ko ƙwayar da ke ci gaba da aiki a ciki bayan ketowar alfijir tana taɓa azumi, suka amsa masa cewa abin da ya shiga kafin alfijir hukuncinsa hukuncin sahur ne. A wannan zama ne ya shaida musu cewa irin wannan ƙwaya ta fi yin iyo a cikin da ke da abinci da ruwa, ta kuma fi son mai zaman lazimi bayan asuba a kan mai komawa shimfiɗa, har wani limami ya ce masa ashe ya ƙera ƙwayar da ta fi shi iya wa'azi. Da aikin ya yi nisa, sai ya ware ɗaki guda mai rufin kwano a bayan gidansu na Zango ya jera kwalaben ƙwayoyin a ciki, ba don ya rasa ma'aji mai sanyi ba, sai don ya ga ko za su jure zafin ɗaki irin wanda talaka zai ajiye su. Kamar yadda ƙa'idar bincike take, babu sunan magani a jikin kwalaben, sai haruffa da lambobin da shi kaɗai da mu abokan sana'arsa muke ganewa. Ba a kai ga gwada su a jikin ɗan Adam ba, hukuma ba ta ba su izini ba, kuma shi da kansa bai taɓa ba ko mutum ɗaya ba. Duk wanda ya matsa masa, amsarsa guda ce: "Kofi ba ciki ba ne." Jama'ar gari sun san shi da binciken farko da ya yi a kan maganin gyambon ciki, wanda ya taɓa yin bayaninsa a rediyo, mu kuwa mun sani sarai cewa abin da ke cikin waɗannan kwalabe na ƙarshe maganin hawan jini ne mai ƙarfi, na yini guda cur, a dunƙule cikin ƙwaya ɗaya. Kowane ɗan wannan Zaure ya san da ɗakin, ya san abin da ke ciki.

A nan ne alƙalami yake son ya tsaya, amma ba shi da wannan hakkin. Ranar da aka yi jana'iza wasunmu sun halarta, sun bi sahu, sun raka shi makwancinsa, sun yi musafaha da Alhaji Dabo a bakin maƙabarta, sannan suka shiga motocinsu suna cewa sai mun dawo a ƙungiyance. Wannan Zaure yana da wata al'ada da muka ɗora wa kanmu, wadda babu ita a littafi babu ita a sunna: in ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi ya rasu, ba a zuwa gaisuwar makoki ɗai-ɗai, sai a tafi gaba ɗaya, Shugaba na gaba, kowa sanye da yadi iri ɗaya, a miƙa wa iyali marsiyya a rubuce cikin gilashin ratayewa a bango. Muna kiran wannan girmamawa. Sai aka yi dace Shugaba yana ƙasa mai tsarki wurin umara. Muka zauna muka yi ta muhawara ko Mataimaki ya isa ya ja tawagar mutum kamar Dakta Abdulbaƙi, aka watse a kan a jira. Yadi yana wurin tela. Marsiyya tana wurina, ni mai sa hannu a wannan takarda, ina ta canja mata amsa-amo. Aka yi sadakar uku ba mu, aka yi ta bakwai ba mu. Masu sayar masa da ƙaro sun rufe rumfunansu sun zo. Tsofaffin majinyatansa sun zo daga Dutsi a bayan babur. Dangi sun tsallako iyaka ta Kongolam sun zo sun kwana. Mu da ke Daura, tafiyar da mai babur ke yi ya dawo tsakanin azahar da la'asar, ba a ga ko ɗayanmu a kan tabarmar makoki ba, kuma duk wanda aka tare a hanya aka tambaya, amsarsa ita ce muna tafe a ƙungiyance.

A cikin waɗannan kwanaki ne iyali suka yi abin da kowane gidan mutunci ke yi, suka fito da riguna da huluna da takalman marigayi suka yi sadaka da su. Da aka buɗe ɗakin baya aka ga kwalabe a jere, sai zukata masu ƙauna suka ga babu sadakar da za ta fi bin sa kabari da lada kamar maganin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kai. Aka ɗaɗɗaure ƙwayoyin a ƙananan ledoji aka dinga ba masu zuwa gaisuwa, musamman tsofaffi, ana ce musu maganin ciki ne na Dakta, su adana shi sai azumi su sha da sahur. Muna shaida wa duniya, da babbar murya, cewa babu ɗigon laifi a kan iyali a cikin wannan. Niyyarsu fara ce tas, kuma ba aikinsu ba ne su karanta haruffan da ke jikin kwalba. Aikinmu ne. Da mutum ɗaya daga cikinmu, ko mafi ƙanƙanta, ya zauna a zauren nan ya sha ruwa ya yi addu'a kamar kowa, da ya ga leda ta farko tana fita, da kalma ɗaya ta wadatar.

Wadda abin ya fara faɗa wa ita ce Hajiya Maiturare, gwaggon marigayi, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goye shi a bayanta. Tana fama da ƙwannafi, ba ta da hawan jini ko kaɗan, sai ta ga ba sai ta jira azumi ba. Da yake ba ta iya haɗiyar ƙwaya, sai aka yi mata abin da ake yi wa tsofaffi a kowane gida a ƙasar nan, aka murƙushe mata guda biyu a tsakanin cokula aka dama a koko. Murƙushe ƙwaya mai iyo kuwa daidai yake da fasa madatsar ruwa, domin rigar ƙaron da ke tsare maganin ita aka rusa, abin da aka tsara ya fita a yini guda sai ya afka wa jiki a lokaci ɗaya. Ta tashi za ta yi alwalar azahar jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a bakin rariya ta samu targaɗe a wuyan hannu, aka kwashe ta zuwa asibiti jininta ya yi ƙasa ƙwarai. Allah cikin ikonsa ya sa 'yar wannan Zaure, Malama Murjanatu Mahdi, ita ce a ɗakin magani a ranar. Ta nemi a nuna mata abin da tsohuwa ta sha, aka kwance mata leda, ta ga ƙwayoyi masu launin ƙaro babu tambari babu rubutu. Ta ɗauko kofi ta zuba ruwa, ta matsa lemon tsami, ta jefa guda. Ƙwaya ta nutse, ta yi jim, ta taso. Nan take Malama Murjanatu ta gane ƙwayoyin Dakta ne, ta kira mu ta shaida mana.

Alhamdu lillahi, Hajiya ta farfaɗo, an sallame ta, muna yi mata addu'ar Allah ya sa kaffara ne. Amma maganar da ta faɗa a kan gadon asibiti da aka yi mata bayani, mun ga wajibi ne mu rubuta ta a nan kamar yadda ta fito, domin ita ce hukuncin da ya dace da mu. Cewa ta yi: "Kar wanda ya kama min sunan Audu. Yaron da na goya ba zai ba ni abin da zai kayar da ni ba. Su abokan aikin nasa ina suka shiga da ba su faɗa mana ba?"

A yammacin ranar muka cika mota muka nufi Zango, babu Shugaba, babu yadi, babu gilashi. Ashe dama ana iya zuwa a haka. A nan kuma muka ƙara wa kunyarmu ta biyu, domin firgici ya sa tun kafin a shafa fatiha wani daga cikinmu ya ambaci kwalabe. Alhaji Dabo, Allah ya ƙara masa girma, bai ɗaga murya ba. Ya sa aka kawo mana ruwa, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce: "Ƙanena ya kwanta dama ban gan ku a tabarma ba. Yau kwalba ta kira ku kun amsa. Aikin da ya ƙare rayuwarsa a kai ba zai bar gidan nan a bayan motar mutanen da sai yau suka gane hanya ba. Ku sha ruwa ku kama hanya, rana na yi." Muka sha, muka tashi. Muka kamo hanyar Daura, mun san babu harafi ɗaya a cikin zancensa da za a ce ba gaskiya ba ne.

Ranka ya daɗe, Alhaji, ba mu rubuto don mu wanke kanmu ba, ba mu kuma rubuto don a yafe mana ba tukuna. Wannan yana iya jira har ranar da zuciyarka ta ga dama, ko da ba mu da rai. Abin da ba zai iya jira ba shi ne ledojin da suka riga suka fita. Suna cikin aljihunan riguna da ƙarƙashin matasai da cikin kwanonin jere, a Zango, a Daura, a Dutsi, da ƙauyukan da ke ƙetaren Kongolam, a hannun bayin Allah da ke jiran daren farko na azumi su sha da sahur, da yawansu tsofaffi, da yawansu ba su da hawan jini, wasu kuma suna kan wani maganin hawan jinin da wannan zai hau kansa. Mutumin da jininsa ya faɗi yana cikin ƙishirwar azumi, a gona ko a bakin rijiya ko a kan babur, ba lallai ya samu sa'ar da Hajiya Maiturare ta samu ba. Mun gwada karɓowa da kanmu mun kasa. Malama Murjanatu ta bi wani dattijo har Dutsi ta yi masa bayani tiryan-tiryan, ya saurare ta da ladabi, sannan ya ce mata wannan tubarrakin mamaci ne daga gidan makoki, hannun da ya ba shi shi kaɗai zai karɓa. Haka za su ce duka, kuma ba mu ga laifinsu ba. Muryarmu ba ta da nauyi a wannan magana, mu muka zubar da nauyinta. Taka ce kaɗai za a ji.

Saboda haka muke durƙusawa muna roƙon ka ba da izini a rubuce, da sunanka da na Hajiya Rahmatu, a sanar a masallatan Juma'a da kasuwanni da gidajen rediyo cewa gidan Ɗantsoho da kansa ne ke neman a dawo da sadakar nan, kuma dawo da ita ba raini ba ne ga mamaci, cika masa burinsa ne. Muna kuma roƙon kada a ƙara fitar da ko ƙwaya ɗaya a ranar sadakar arba'in da ke tafe. Game da kwalaben da suka rage, mun fahimci tsoronka, kuma mun san dukiyar magada ce, cikinsu har da marayu, ba mu da ikon taɓa ta sai da yardarku. Ba mu nemi a ba mu su ba. A zuba su a akwatin ƙarfe a gaban idonka, a sa kwaɗo, makulli ya zauna a aljihunka, akwatin ya zauna a ɗakinka. In wata rana Allah ya nufa a ci gaba da binciken, da sunan Dakta Abdulbaƙi za a ci gaba, da izinin 'ya'yansa, in kuwa ba ku yarda ba, babu mai ɗaga murfin. Muna sanar da kai kuma, don kada ka ji a bakin wani, cewa mun kai rahoto ga hukumar da abin ya shafa kamar yadda doka ta ɗora mana, mun faɗa mata sakacin namu ne, mun kuma roƙe ta ta bari a fara shigowa ta ƙofar zumunci.

Ga sauran jama'a kuwa, iyayenmu da 'yan'uwanmu, duk wanda ya karɓi ƙwaya mai launin ƙaro marar tambari a cikin ƙaramar leda daga gidan makokin nan, ko wani ya ba shi daga cikin nasa, muna haɗa shi da girman Allah kada ya haɗiya, kada ya murƙushe wa tsoho ko yaro, kada kuma ya watsar a bola inda yara da awaki za su tsinta. Ya riƙe ta a ɗaure har sanarwar gida ta fito, ko ya miƙa ta ga limamin unguwarsu ko kowane ɗakin magani na ɗan wannan Zaure. Ba za a tambayi sunansa ba, ba za a ga baƙinsa ba. Wanda kuma ya riga ya sha ya ji jiri ko duhun gani ko kasala, ya kwanta a ɗaga masa ƙafafu, a garzaya da shi asibiti mafi kusa tare da ragowar ledar.

Doguwar marsiyyar da na ɓata kwanaki ina gogewa na ajiye ta, ba za ta shiga gilashi ba, ba kuma za a ji ta a ko'ina ba. Waɗannan baitoci kaɗai na iya rubutawa bayan dawowarmu daga Zango, na bar su yadda suka zo:

Ya mai koya wa ƙwaya iyo a kan ruwa,
Ta daɗe a ciki tana ta bayarwa,
Ƙasa ta karɓe ka, babu dawowa,
Allah ya sa haske kake tararwa.

Mun tsaya jiran tela da ɗinkawa,
Na nesa da kai suna ta isowa,
Har aka kai tabarma ga naɗewa,
Mu na kusa muka zam na ƙarshen zuwa.

Muna roƙon Allah, Mai yawan gafara, Mai karɓar tuba, ya jiƙan Alhaji Dakta Abdulbaƙi Ɗantsoho Zango, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci, ya sanya kowace ƙwaya da ya miƙa wa mai ciwo ta waccan taga a cikin mizaninsa, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba Alhaji Dabo juriyar rashin ƙane kuma abokin shawara, ya ba Hajiya Rahmatu haƙuri mai kyau ya fitar da ita takaba lafiya, ya raya 'ya'yansa Suhaibu da Hadiyya da Khairunnisa a kan tafarkin mahaifinsu, ya ba Hajiya Maiturare cikakkiyar lafiya ya share mata hawaye. Allah ya tsare sunan wannan bawa nasa daga a ambace shi tare da cutar da wani, shi da ya rayu yana gudun haka. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya kuma ba mu masu zuwa gaisuwarmu da suka fi mu sanin ya kamata.

A ƙarshe, ranka ya daɗe, muna roƙon amsa a rubuce cikin gaggawa, kafin Juma'ar nan, domin limamai su samu abin karantawa a kan mumbari da sa hannunka a ƙasa. Layi biyu sun isa, ko a bayan wannan takardar ne. In ka ga dama ka cika sauran shafin da faɗa, za mu karanta shi a tsaye a gaban taronmu, ba za mu tsallake kalma ba. Malama Murjanatu ce za ta shigar da kwafin Hajiya Rahmatu cikin gida, kasancewarta mace. Naka kuwa ni zan kawo da hannuna, ni kaɗai, ba zan nemi a shigar da ni zaure ba, zan zauna a ƙofar gida daga gefen tabarma har amsa ta fito. Jinjirin watan azumi ba zai jira mu mu zo a ƙungiyance ba.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam Yazid Kabo Daura,
Kakakin Zauren Masana Harhaɗa Magunguna na Ƙasar Daura,
a madadin Shugaba da ɗaukacin 'yan Zaure.